“Masta, Gas Ne Ya Ƙare”: Dariya Da Takaicin Masu Gyaran Firiji Da Esi

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a Akra, da wuya ka sami wayar da ta kai ta mai gyaran firiji da iyakwandishan yawan kuka. Tun da asuba kira ke fara shigowa, kuma kusan duk mai kira magana ɗaya ce a bakinsa: “Masta, yi maza ka zo, gas ne ya ƙare.” Mai shagon kifi haka zai ce, Hajiya mai ƙanƙara da zoɓo haka za ta ce, Alhajin da ya kwana yana fifita da kwali shi ma haka zai ce. Ba wanda ya buɗe inji, ba wanda ya auna komai, amma an riga an gano cutar har an rubuta magani, jira kawai ake likita ya zo ya sa hannu.

Ni dai ba mai gyara ba ne. Kayan gyaran nake sayarwa, su kwamfireso da kafasita da bututun jan ƙarfe da tukwanen gas, a wani ɗan shago a Nima, yau shekara ashirin da 'yan kai. Akwai dogon benci a ƙofar shagon, a nan masu gyara ke yada zango in sun dawo daga aiki, Bahaushe da ɗan Ashanti da Badagombe da ɗan Togo, kowa da labarin gidan da ya fito. Wani labarin sai ka riƙe ciki don dariya, wani kuma sai ka ga mai ba da shi yana dariyar ne kawai don kada ransa ya ƙara ɓaci. Da na daɗe ina saurare sai na lura cewa mafi yawan wahalar da suke sha daga wajenmu take, mu masu kiransu. Na kuma lura cewa yadda muke biyansu shi ke koya wa wasu daga cikinsu ƙarya. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa kaɗan daga hirar bencin nan, tunda a gidajenmu da yawa, nan Gana ko Kwatano ko Duwala ko Injamena, firizar uwargida ce jarin da ke biyan kuɗin makarantar yara.

Rana ake yi, sai na danna rana

Wani matashi cikinsu ya ba mu labarin wani Alhaji a unguwar Madina da ya sayo sabuwar esi daga Dubai, aka ɗaura masa a ɗakin kwana. Ta yi mako biyu tana aiki lafiya lau, sai ranar nan ya kira yana faɗa, wai an cuce shi, inji ya koma hura masa wuta. Yaron ya hau tiro-tiro ya je. Ya ce yana buɗe ƙofar ɗakin ya ji kamar ya leƙa gidan burodi. Alhaji na zaune daga shi sai singileti, zufa na ɗiga. Ya karɓi rimot ya duba, sai ga hoton rana a jikin gilashin, lamba kuma ta kai 30.

“Alhaji, wa ya danna nan?”

“Ni na danna. Ba ka ga ranar da ake kwallawa ba? Na ga hoton rana, na ce to wannan shi ne na lokacin rana. Wancan mai kama da ƙanƙara ai na lokacin sanyi ne.”

In ka duba da kyau, lissafin Alhaji yana da kan gado, masu ƙera rimot ɗin ne suka yi nasu a juye. Da yawa cikin injinan da ake sayowa daga Dubai ko Sin ko Turai an yi su ne su yi aiki biyu, su sanyaya ɗaki da bazara, su ɗumama shi da hunturu. Akwai wani bawul a ciki da ke juya hanyar gas, sai zafin da ya kamata ya fita waje ya dawo ɗaki. Hoton rana na nufin “ba ni zafi”, hoton ƙanƙara na nufin “ba ni sanyi”. Yaron ya danna sau ɗaya, sanyi ya sauko. Da ya nemi haƙƙinsa sai Alhaji ya ce, “Haƙƙin me, ɗana? Yatsa ɗaya fa ka sa.” Aka sallame shi da ruwan leda da addu'a, kuɗin mota zuwa da dawowa kuwa daga aljihunsa.

Irin wannan kira ba ya ƙirguwa. Akwai wanda ya tafi har Kasoa, garin nan da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, ya sha cunkoson motoci na awa biyu, ya tarar batirin rimot ne ya mutu. Akwai wanda ya tarar wani yaro ne ya zare filogin firiza ya sa cajin waya, ya manta bai mayar ba tun jiya. Akwai kuma masu kai lamba 16 su zauna suna jira, wai don sanyi ya yi sauri. Lambar nan ba totur ba ce, iyaka ce da kake gaya wa inji ya tsaya in ya kai. A ɗakin da rufin kwano ke dafawa ba zai taɓa kai 16 ba, sai ya yi ta gudu ba hutu, mita na cin kuɗi.

Babu wanda ya taɓa shi

Tambayar farko da kowane mai gyara ke yi in ya shiga gida ita ce, “Wa ya taɓa shi kafin in zo?” Amsar kuma ba ta canzawa ko a wace unguwa: babu kowa, haka kawai muka wayi gari.

Babban cikinsu a bencin wani dattijo ne ɗan asalin Bawku, wanda ya yaye yara da yawa a sana'ar, shi ya sa ko sa'anninsa Masta suke ce masa. Ya ce wata Hajiya a Mamobi mai sayar da ƙanƙara da burkina ta kira shi, firijinta ya daina sanyi. Ya tambaya, ta ce ko kusa da shi ba wanda ya je. Ya buɗe ya haska, sai ga wata 'yar ƙofa kamar bakin allura a gidan ƙanƙara, gefenta duk karce. Ya yi shiru yana tunanin ta inda zai ɓullo wa maganar ba tare da ya kunyata babbar mace ba. Sai jikarta, yarinya 'yar shekara biyar, ta matso ta ce, “Baba, jiya da Hajiya ta sa masa wuƙa sai ya yi fiiii kamar tayar keke.” Hajiya ta harare ta ta ce, “Tashi ki ba mu wuri, uwar surutu.”

Abin dariya ne, amma ɓoyon ya ja mata asara. Gidan ƙanƙarar nan na alminiyam ne marar kauri, kuma ta cikin jikinsa hanyoyin gas suke bi. In wuƙa ta huda shi gas zai fita. In aka bar injin a kunne, sai ya riƙa zuƙar iska da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ta wannan ƙofa. Ruwa kuwa in ya shiga ciki yana ɓata man kwamfireso, yana kuma daskarewa ya toshe siririn bututu. Hajiya ta bar shi a kunne har safe, tana fatan ya warke da kansa. Da ta zare filogi nan take ta faɗi gaskiya, da like kawai za a yi a zuba gas. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Yawancin sababbin firiji suna aiki da gas mai lamba R600a, wanda ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Ɗan kaɗan ake zubawa, galibi bai kai giram ɗari ba, amma a ƙaramin ɗaki mai kurfoti ko risho a kunne, kaɗan ɗin ya isa. In har an yi kuskuren huda shi, a zare filogi, a buɗe ƙofa da taga, a nisanta wuta. Hanyar cire ƙanƙara kuwa ba ta wuce a kashe shi, a bar ƙofarsa a buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, a yi haƙuri.

Gas ba ya ƙarewa

Mu koma ga maganar gas, don ta nan kuɗinmu ke zurarewa. Mutane da yawa sun ɗauka gas ɗin firiji kamar na girki ne ko man mota, ana aiki yana raguwa. A rufe yake cikin bututu, zagayawa kawai yake yi. Kwamfireso ya matsa shi ya yi zafi, ya je bayan firiji ko injin waje ya zubar da zafin ya zama ruwa, ya bi ta siririn bututu ya shiga ciki, ya koma iska yana kwashe zafin da ya tarar, ya sake komawa wurin kwamfireso. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru. Firijin da ba ya yoyo yana iya tsufa da gas ɗin da aka zuba masa tun a masana'anta. In ka ji gas ya ragu, to akwai ƙofar da yake fita, kuma wanda ya ƙara maka bai nemo ƙofar ya toshe ba, ruwa ya zuba maka a kwando. Bayan wata biyu za ka sake kiransa.

Neman yoyon nan shi ne aikin gaske. A bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya da kumfar sabulu, a yi walda, a sa famfo ya zuƙe iska da danshin da ke ciki, sannan a zuba gas daidai awo. Yana iya cin rabin yini. Mu kuwa mun fi son wanda zai zo da tukunya, ya yi minti goma, mu ji “tsss”, mu biya.

Masta ya ba mu labarin wani mai shagon atamfa da ya kira shi, esi ba ta sanyi, har ƙanƙara take yi a ciki tana ɗigar da ruwa a kan kaya. Ya buɗe murfi ya zaro ragar da ke tace ƙura, ya ce ta yi kauri kamar bargo saboda ƙurar hunturu da burbushin yadi. Iska ba ta samun wucewa, shi ya sa sanyin ya tsaya wuri ɗaya ya daskare. Ya wanke raga, ya jira ƙanƙara ta narke, ya kunna, shago ya ɗauki sanyi. Ya faɗi kuɗi kaɗan. Mai shago ya dube shi ya ce, “Masta, ba ka sa gas ba?” Ya ce ba ta buƙata. Bayan kwana biyu sai labari ya dawo masa cewa mutumin yana faɗa a kasuwa wai Masta ya tsufa, wanki kawai ya iya. Ya kira wani yaro ya zo da tukunya, ya ɗura wa injin da ba ya jin ƙishi, ya karɓi ninki biyar na abin da Masta ya karɓa, aka kuma yaba masa. Ga shi gas in ya yi yawa shi ma cuta ne, yana wahalar da kwamfireso.

Yaran da ke koyon aiki suna kallon duk wannan, suna kuma ɗaukar darasi. Wani cikinsu ya taɓa faɗa mana a bencin, ko kunya babu, cewa yana da wata tukunya da ya sa wa suna tukunyar kwantar da hankali. In ya gama gyaran gaskiya, wanki ne ko canjin kafasita, sai ya jona ta ya sake ta ta yi ƙara kaɗan, don ya san in ba a ji ƙarar nan ba ba za a biya shi ba. Wasu suka yi dariya, Masta bai yi ba. Ni ma ban goyi bayansa ba, cuta cuta ce. Sai dai kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon.

Wani abin lura, gas iri-iri ne. Tsofaffin firiji da R12 suke aiki, wanda duniya ta yi yarjejeniyar dainawa a birnin Montreal na Kanada a 1987, saboda yana cinye rufin sama da ke tare mana kaifin rana. Bayansa aka koma R134a, yanzu kuma R600a. A ɓangaren esi akwai R22 da ake kan janyewa, akwai R410A da R32. Kowane inji an rubuta irin nasa da adadin giram a wata takarda ko ƙarfe da ke manne a jikinsa. Ƙarfin matsinsu ba ɗaya ba ne, man da suke tafiya da shi ma ba ɗaya ba ne. Duk mai gyaran da ya ce maka “ai gas gas ne”, ka ba shi kuɗin mota ya tafi.

Injin da aka sa a kurkuku

Esi mai gida biyu, rabinta na ciki, rabinta na waje, kuma na wajen aikinsa ya zubar da zafin da aka kwaso daga ɗaki. Matsalar ita ce ɓarayi na son bututun jan ƙarfen da ke haɗa su. Wani mai shagon wayoyi da aka yi wa sata sau biyu ya ce ya gaji, ya sa aka cire injin wajen aka shigo da shi cikin shagon, aka kare shi da falanki a lungu. Sai ya kira mai gyara yana ƙorafi, wai sanyi babu, mita kuma na gudu kamar an biyo ta. Mai gyaran ya ce masa, “Maigida, kai fa kamar mai kwasar ruwa ne daga gaban kwalekwale yana zubawa a bayansa.” Zafin da aka kwasa daga wannan gefe ana juye shi a wancan, har da ƙarin zafin injin kansa. Maganin ɓarawo kejin ƙarfe ne mai manyan ƙofofi da iska za ta ratsa, a waje.

Wata uwargida kuma tausayin injin ne ya kama ta. Ta ga ƙura da ruwan sama na dukansa, sai ta sa tela ya ɗinka masa riga ta leda mai kauri, har da zif. Injin ya yi ta shaƙar zafin kansa yana ɗaukewa. Gaskiya ne iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe a unguwannin bakin ruwa kamar Teshie da Nungua da Tema, amma abin da ake yi masa shi ne wanki akai-akai da 'yar rumfa daga sama.

Sai kuma maganar tsaka. Akwatin da allon lantarkin injin yake ciki yana da ɗumi da duhu, tsaka da kyankyaso da ɓera na sonsa. Wani ya ce ya buɗe ya tarar da marigayiya a miƙe a kan allon, ta haɗa wayoyi biyu da jikinta, ta ƙone ta ƙona allon. Yana ɗago ta matar gidan ta dafe ƙirji ta ce dama ta san ba banza ba, turo ta aka yi. Ya yi ta bayani cewa ɗumi ta biyo, amma ina, kafin ya haɗa kayansa har an fara lissafin waɗanda ba sa son ci gaban gidan.

A gidajen haya masu tsakar gida ɗaya kuwa, mai gyara har alƙalanci yake yi. Iskar Akra danshi gare ta, esi na iya tara ruwa bokiti guda a dare, kuma ta wani ɗan tiyo yake fita. Wani ya bar nasa tiyon yana ɗiga a ƙofar maƙwabciya. Ta yi magana sau uku ba a ji ba, sai ta cusa tsumma a bakinsa. Ruwa ya koma ciki ya sauka a kan katifa da talabijin. Mai gyara ya zo ya zaro tsumman, sai ga shi ƙyallen zanen da kowa a gidan ya san mai shi. Ya ce gyaran minti biyu ne, rabon faɗan awa biyu, kuma ba wanda ya biya shi na rabon faɗa.

Wuta da kayan ƙasar waje

Duk wanda ya zauna a Gana a 2015 ba zai manta da dumsor ba, wato kashe-kunna da harshen Twi, lokacin da wasu unguwanni ke yin awa 24 ba wuta, a ba su ta awa 12. A shekarun nan kwamfireso ya mutu ba adadi. Dalili shi ne in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, gas ɗin da ke cikin bututu bai gama sakin matsinsa ba, sai kwamfireso ya yi ta kokawar tashi da kaya a kai, ya yi zafi. Haka ma in wuta ta zo da rauni. Abin da masu gyara ke roƙonmu kullum shi ne mu kashe soket in an ɗauke wuta, in ta dawo mu jira kamar minti biyar, ko mu sayi 'yar na'urar nan mai jinkirta wuta da ake sa wa a soket. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin kwamfireso ba.

Akwai gidan da ɗansu da ke unguwar Bronx a Amurka ya aiko musu da ƙaton firiji mai ƙofa biyu a kwantena. Aka taru har da maƙwabta. Filoginsa ya ƙi shiga soket, sai wani mai dabara a gidan ya yanke shi ya cusa wayoyin haka nan. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu ta nan 230. Firiji ya yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi. Ka san abin da suka ce da suka kira mai gyara? Wai gas ne ya ƙare a hanya saboda nisan teku. Da ya gaya musu abin da ya ƙone da abin da za a kashe, sai uwar gidan ta ce a bar shi tukuna, amma don Allah kada maganar ta fita. Har yanzu yana nan a falo ana ajiye kwanuka a ciki, in yaron ya kira ta bidiyo sai a zauna a gabansa.

Tsofaffin firijin Turai ma suna da nasu. Gwamnatin Gana ta kafa doka a 2008 ta hana shigo da firiji da firiza da esi na hannu, ta kuma fara aiki da ita gadan-gadan a 2013, saboda yawan shan wutarsu da irin gas ɗin da ke cikinsu. Dokar ta taɓa aljihun 'yan kasuwa da dama, amma har gobe irin waɗannan kaya na nan a gidaje da shaguna, a ƙasashen maƙwabta ma kasuwarsu na ci. Ga abin da mai saye ya kamata ya duba: a takardar jikin firiji akwai harafin da ke nuna zafin da aka gina shi ya jure. Mai N iyakarsa digiri 32, mai ST 38, mai T 43. Ka ɗauki mai N ka sa shi a shagon kwantena a Tamale ko Garwa cikin watan Maris, ba hutawa zai yi ba, kuma ba mai gyaran da zai iya canza masa hali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Naman layya da ruwan wanka

Washegarin Babbar Sallah ranar kira ce. An yanka sa ko rago, an kwashi nama da ɗuminsa an danna a firiza har murfi na rufuwa da ƙyar. Firiza na da iyakar abin da za ta iya daskarar da shi a yini. Na gefe zai yi ƙanƙara, na tsakiya ya kwana da ɗumi, kafin kwana biyu wari ya tashi. Sai a kira mai gyara a ce injinsa da ya gyara wata uku da suka wuce ne ya cuce su, har da masu cewa ya biya kuɗin nama. Alhali da an bar naman ya sha iska, an ƙulla shi ƙanana, an sa shi kashi-kashi, an soya wani, da ba a kai ga haka ba.

Da hunturu kuma, Disamba zuwa Janairu, sai kiran hitar ruwan wanka. Wani ya kunna ta alhali famfo ya ɗauke tanki ba ruwa, ƙarfen da ke dafa ruwan ya ƙone. Amma labarin da ya sa bencin ya yi tsit shi ne na maigidan da ya ga wani ɗan bawul a gindin hita yana ɗigar da ruwa, ya ga ɓarna ce, ya sa aka toshe shi da ƙusa mai zare. Bawul ɗin nan shi ne numfashin tankin. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, ta nan yake rage matsi. In aka toshe shi, ranar da na'urar da ke yanke wuta ta ƙi aiki, tankin na iya fashewa, kuma a banɗakin da yara ke wanka yake. Mai gyaran ya ce shi ranar ko maganar kuɗi bai yi ba, cirewa kawai ya yi hannunsa na rawa.

Haƙƙin gumi

Ba na cewa duk masu gyara waliyyai ne. A shagona na ga wanda ya sayi tsohon kwamfireso ya fesa masa baƙin fenti zai kai wa mai gida a matsayin sabo. Na ga wanda ke karɓar kuɗin kaya ya kashe waya mako guda. Amma na fi ganin wanda ya hau tsani hawa biyu ba igiya, kafasita ta fizge shi, ya gama aiki a ce masa, “Je ka, zan turo maka ta momo,” shiru har yau. Na fi ganin wanda za a biya kuɗin kayan da ya saya a wurina ba gardama, in aka zo kan kuɗin hannunsa sai a fara ciniki kamar ana sayen tumatir da yamma. Shekara uku ko fiye yaro ke yi a gaban ubangidansa kafin a yaye shi. Sanin inda zai sa yatsa ɗayan nan, shi ne abin da ya kwashe shekarun yana koyo.

Don haka 'yan uwa, kafin ka kira, duba filogi, duba batirin rimot, duba hoton da ke jikinsa, zaro raga ka wanke. In ka kira, faɗi abin da ka gani da abin da ka ji, da wanda ya taɓa shi, ka bar masa gano cutar. Ku yi maganar kuɗin zuwa da dubawa tun a waya, ko da abin ya zama na minti ɗaya. In ya ce gas, ka ce ya nuna maka inda yake yoyo. In ya canza wani abu, ka karɓi tsohon. In kuma ya ce maka wanki kawai take so, to ka riƙe lambarsa da kyau, ka ƙara masa wani abu a kai, don ka sami mai gaskiya.

Cikin yaran da Masta ya yaye, biyu daga waɗanda ya fi yabo sun ajiye akwatin aiki, ɗaya yana tuƙa aboboya yana dakon kaya, ɗaya yana sayar da kayan waya. Duk su biyun sun ce aikin suna so, jayayya a kan haƙƙinsu ce ta gajiyar da su. Yaron nan mai tukunyar kwantar da hankali kuwa har ya sayi babur. Idan muka ci gaba da biyan ƙarar tukunya muna hana mai gaskiya kuɗin motarsa, nan da 'yan shekaru irinsa kaɗai za mu samu in firizar uwargida ta tsaya da kaya a ciki. Allah ya ba kowa halalinsa, ya kuma sa mu ga bayan zafin bana lafiya.